Da Wane Mudu Za A Auna Maƙerin Ƙauye?

Sa'ad da babban mutum ya rasu a cikin ekklesiya, ba a rasa abin faɗi a bakin kabarinsa. In pasto ne, ko shugaban makaranta, ko ma'aikacin gwamnati, sai wani ya tashi ya karanta tarihinsa: makarantun da ya yi, takardun shaida da ya samu, garuruwan da aka kai shi aiki, da kwamitocin da ya zauna a ciki. Wani lokaci har rana ta yi zafi mai karatu bai kai ƙarshen takarda ba. Amma in maƙerin ƙauye ne ya rasu, ko magini, ko masaƙi, ko baduku, tarihin nan ba ya cika rabin shafi. An haife shi a gari kaza, an yi masa baftisma a shekara kaza, ya yi aure, ya bar 'ya'ya kaza da jikoki kaza, ya yi jinya, ya huta. Shi ke nan. Mai wa'azi kuwa sai ya cika sauran lokaci da maganar da za ta dace da ko wace gawa, har baƙon da ya zo daga nesa ya koma gida bai san ko wane irin mutum aka binne ba.

Tambayar da mu ke so mu sa a gaban masu karatu a wannan wata ita ce: babu abin faɗi ne a kan irin wannan mutum, ko kuwa mudun da a ke auna shi da shi ne ba nasa ba? Kada wani ya ɗauka ƙaramar magana ce ta tsarin jana'iza. Yara suna tsaye a wurin, suna ji. Abin da aka yaba a bakin kabari, shi za su ɗauka abin nema ne a duniya; abin da aka yi shiru a kansa kuwa za su ɗauka ba kome ba ne. Ɗan maƙerin da ya ga an gama da ubansa cikin minti biyu ya koyi wani darasi ran nan, ko da ba wanda ya yi niyyar koya masa.

Bari mu ɗauki maƙeri, gama da wuya a sami ƙauye mai kasuwa a ƙasar Kano, ko Katsina, ko Zazzau, inda ba a jin ƙarar masaba tun da sassafe. Ba za mu kama sunan kowa ba. Ko wane mai karatu ya sa fuskar wanda ya sani. Muna nufin maƙerin baƙi, mai fartanya da gatari, ba maƙerin fari mai zobe da munduwa ba. Yawanci gado ya yi. Tun yana ɗan yaro aka zaunar da shi a gindin zuga-zugi, hayaƙi yana shiga masa ido, uban yana tsawa in wuta ta yi sanyi. Ya yi shekaru yana zuga kafin a yarda ya riƙe awartaki, ya ƙara waɗansu kafin a bar shi ya ɗaga masaba a kan uwar maƙera. Ba wanda ya ba shi takarda ran da ya ƙware. Shaidarsa ita ce ran da wani manomi ya zo ya tarar uban ba ya nan, bai ce zai dawo ba, ya miƙa wa yaron garmarsa.

Kakanninsa su kan haƙo tama ne su narka da kansu, aiki mai cin itace da kwanaki. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, ƙarfen Turai ya yi ta shigowa, daga baya kuma tsofaffin motoci suka yawaita, sai narkar tama ta yi ta ja da baya har aka bar ta. Maƙerin zamaninmu wurin masu tsohon ƙarfe ya ke zuwa, a nan kuwa gwajinsa na fari ya ke. Ya san bambancin sifirin mota, mai tauri, mai riƙe kaifi, da ƙarfen tsohuwar ganga, mai araha, mai saurin lanƙwasa. Ya san gawayin ƙirya ya fi zafi, ya fi daɗewa, ya kuma fi wuyar samu. Ya san launin da ƙarfe biyu za su kai a wuta kafin su haɗu su zama ɗaya, ya san kuma in ya cire da wuri domin tsimin gawayi, haɗin zai yi kyau a ido, amma da ɓaraka a ciki. Manomin da ya zo saye bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Zai ɗaga fartanya, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya yi ciniki, ya biya. Ba zai san abin da ya saya ba sai tsakiyar damina, ran da ciyawa ta taso wa gero, ruwan fartanya ya tsage a hannunsa, ga kasuwa sai wani mako.

A nan mu ke so mu dakata, gama a ganinmu nan ne gindin maganar ya ke. Akwai gaskiyar da mutum ya ke yi domin ana kallonsa, akwai wadda ya ke yi a inda ba mai iya kama shi. Akawu yana da mai binciken littafinsa. Malamin makaranta yana da sufeto. Pasto ma yana da dattawa da majalisa a bisa kansa. Maƙeri fa? Sa'ad da ƙarfe ya ke cikin wuta ba shi da kowa a kansa sai Allah. In ya yi shekara 40 yana ƙira, ko wace fartanya da ta fita daga hannunsa, ko wane lauje, ko wane sungumi, dama ce ta cin amana wadda ba za a gane ba sai an makara. Mutumin da irin wannan dama ta zo masa sau dubbai bai ci ba, za a ce bai yi kome a duniya ba? Wane zaman kwamiti ne ya kai wannan nauyi?

Sa'an nan ga maganar bashi. Lokacin da manomi ya fi bukatar maƙeri, watau ƙarshen bazara da farkon ruwa, shi ne lokacin da rumbunsa ya yi ƙasa, hannunsa kuma ba kome. Sai ya zo ya tsuguna a bakin maƙera, su gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye, har maƙeri ya gane ya ce masa, “Ɗauki, sai kaka.” Ba takarda, ba shaida. In damina ta yi albarka a kawo masa dami. In fari ya yi, ko ɗan manomin ya kwanta ciwo, sai ya jira wata kakar, wani ma har abada. Maƙeri mai tsoron Allah ya san wanda ya ƙi biya, ya san wanda ya kasa, ba ya sa su a sahu ɗaya. Gwauruwa ta aiko ɗanta da tsohuwar hauya, ya gyara, ya ce wa yaron ya gai da tsohuwa, bai ambaci kuɗi ba. Wannan ba ya cikin littafin baiko, ma'aji bai san da shi ba. Gwauruwar ta sani, amma ba a kan ba irinta magana ran jana'iza. Tana can baya cikin mata tana share hawaye da bakin mayafi.

A gida kuma haka ne. Mun san likitoci, da lauyoyi, da pastoci, waɗanda kuɗin makarantarsu daga uwar maƙera ya fito, fartanya fartanya. Uban ya sa riga ɗaya mai ƙunar tartsatsi shekara da shekaru domin su sa kayan makaranta. Ya ɗauki marayun ƙanensa ya haɗa da nasa, tuwo bai ƙaru ba, bakuna suka ƙaru. Ya aurar da 'ya'yansa mata bai mai da su haja ba. Ya zauna da mace ɗaya tun tana amarya har ta yi furfura, ko a shekarun da ya sami abin hannu 'yan'uwansa suna zuga shi ya ƙara. Abin baƙin ciki shi ne, makarantar nan da ya biya ita ce ta kan koya wa 'ya'yan jin kunyar baƙin hannunsa. Su ne masu rubuta tarihin da za a karanta, sai ka ga an rubuta wai ɗan kasuwa ne, ko wai injiniya, domin abokan aikinsu daga birni za su zo. Mutum ya yi duk ransa yana amsa sunan maƙeri ba kunya, ran da ba ya iya magana aka ƙwace masa sunan.

Me ya sa bakin ekklesiya ya kan yi nauyi a nan? A ganinmu, sabo da tarihin da aka fi koya wa masu bi tarihin masu tafiya ne. Ko wane ɗalibin makarantar Littafi ya san Gowans da Kent da Bingham, waɗanda suka sauka Ikko a 1893 da nufin kawo bishara cikin ƙasar nan. Ya san Gowans ya mutu a Girku, Kent kuma a Bida, dukansu a 1894. Ya san zuwan Karl Kumm Wase a 1904, da Likita Miller na Zariya, da fitowar Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932. Daidai ne a san su; sun sha wuya, waɗansu sun ba da ransu. Amma kunnen da ya saba da irin wannan labari kaɗai ya kan ɗauka bautar Allah ita ce mutum ya ajiye abin da ke hannunsa ya tashi. Wanda ya zauna a garin da aka binne cibiyarsa har aka binne shi kansa, sai a ga kamar bai amsa kira ba.

Har masu sana'ar da a ke yawan ambata cikin wa'azi, a duba dalilin ambatonsu. Wiliyam Carey mai ɗinkin takalma ne a Ingila, amma ana tuna shi domin ya bar takalma ya tafi Indiya a 1793, ya zauna can yana aikin fassara har ya mutu a 1834. Yohanna Bunyan mai gyaran tukwanen ƙarfe ne, amma ana tuna shi domin shekara 12 da ya yi a kurkukun Bedford sabo da wa'azi, da littafinsa da ya fito a 1678. Bitrus da Andarawus masunta ne, amma sun bar taru. To, Zabadi fa? Markus ya nuna mana 'ya'yansa biyu, Yakubu da Yohanna, sun tashi sun bar shi cikin jirgi tare da ma'aikatansa. Kashegari wani ya tura jirgin nan cikin ruwa, wani ya biya ma'aikatan nan ladansu, wani ya ciyar da gidan da manzanni biyu suka fito daga ciki. Mun sha jin wa'azi a kan waɗanda suka tashi. Kan wanda aka bari cikin jirgi, da wuya.

Littafi Mai Tsarki kansa bai bar mu ba misali ba. Akwai mai sana'ar ƙauye guda, magidanci, wanda Allah ya danƙa wa amanar da ba a taɓa danƙa wa wani namiji ba, watau Yusufu masassaƙi na Nazarat. Nazarat ɗan ƙauye ne a tuddan Galili, ko sau ɗaya ba a ambace shi cikin Tsohon Alkawari ba. A bincika Bishara huɗun nan duka, ba za a sami magana ɗaya da aka rubuta daga bakin Yusufu ba. Bai yi wa'azi ba, bai yi annabci ba, ba a ce ya warkar da kowa ba. Ba a rubuta mutuwarsa ba. Ganinsa na ƙarshe shi ne sa'ad da Yesu ya ke shekara 12, a tafiyar Idi zuwa Urushalima. Da za a karanta tarihinsa bisa ga tsarin jana'izar yau, shi ma ba zai cika rabin shafi ba.

Amma a duba abin da Matta da Luka suka rubuta. Ya tarar yarinyar da ya ke tashi tana da ciki, ya san ba nasa ba ne, yana da iko ya tona mata asiri a gaban gari, sai ya yi shawara a ransa ya rabu da ita a ɓoye domin kada ta sha kunya. A lura, wannan shawara tun kafin mala'ika ya yi masa magana ne. Halinsa ke nan, ba umurni ya bi ba tukuna. Da aka yi masa magana ya kawo ta gida, ya ɗauki bakin mutanen ƙauye a kansa, wanda ya zauna a ƙauye kuwa ya san nauyin wannan kaya. Ya tashi da dad dare ya nufi Masar domin ran yaro. Da ya dawo ya ji Arkilayus ne ke mulkin Yahudiya, ya karkata zuwa Galili. A Haikali hadayar tsuntsaye biyu suka kawo, wadda Shari'a ta yardar wa wanda ba shi da halin ɗan rago. Matalauci ne ke nan, amma bai fake da talauci ya ƙi zuwa ba. Ko wace shekara ya kan kai iyalinsa Idin Ƙetarewa. Ya kuma koya wa yaron sana'a, gama a Matta mutanen garin sun kira Yesu ɗan masassaƙi, a Markus kuwa sun kira shi masassaƙi shi kansa. Yustin, wanda aka kashe a Roma sabo da bangaskiya wajen shekara ta 165, ya rubuta cewa garmar shanu da karkiya Ubangijinmu ya kan yi. Kayan manoma ke nan. Masu zuwa wurinsa irin masu zuwa wurin maƙerinmu ne, da irin cinikinsu, da irin bashinsu. Luka ya ce yana wajen shekara 30 sa'ad da ya soma koyarwa a fili. A lissafa a gani, shekarun da ya yi da gizago a hannu sun ninka na wa'azi.

Ga yadda marubutan Bishara suka tuna da mai sana'a: ba su nemo masa muƙami ba, ba su sāke wa sana'arsa suna ba. Sun faɗi abin da ya yi wa mutanen da ke ƙarƙashin hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, Matta kuma ya shaide shi da adalci.

Mun san abin da wani ɗan'uwa mai kishin koyarwa zai ce. Zai ce ceto ta wurin alheri ne, ba ta wurin ayyuka ba, don me za a tsaya a bakin kabari ana lissafin fartanya? Ba mu ja da tushen maganarsa ko kaɗan. Fartanya dubu masu kyau ba za su buɗe wa mutum ƙofar sama ba. Amma takardar digiri ma ba za ta buɗe ba, ga shi kuwa ana karanta ta ko wane lokaci, ba wanda ya ce an taɓa koyarwar alheri. Ba domin a faɗa wa Allah nauyin mamaci a ke magana ba. Shari'arsa ta riga ta fita daga hannun mutane. Domin masu rai a ke yi, su ga abin da alheri ya aikata cikin ɗan'uwansu, su yi godiya. In kuwa bangaskiya tana ba da 'ya'ya, a ina za a nemi 'ya'yan a ran maƙeri? Sa'a biyu ko uku ya kan yi a masujada ran Lahadi, kwana shida kuwa yana gaban wuta. Wanda ya nemi bangaskiyarsa a kan benci kaɗai, ya bar gona ya je yana neman hatsi a bakin hanya. Aiki kuma ba la'ana ba ne, kamar yadda waɗansu su ke tsammani. An sa Adamu ya kula da gona tun bai yi zunubi ba, Littafin Fitowa kuma ya nuna Allah ya cika Bezalel da Ruhunsa domin aikin zinariya, da azurfa, da tagulla, da sassaƙa.

Amma akwai rami a ɗaya gefen, ya kamata mu nuna shi. Wanda ya ji maganarmu ya ce to, daga yau ko wane maƙeri waliyyi ne, ya fita daga rijiya ya faɗa wata. Ba ko wane mai sana'a ne mai gaskiya ba. Akwai wanda ya yi ta sayar da ƙarfen ganga da sunan sifirin. Akwai wanda kuɗin kaka duka ya kan ƙare a gidan burkutu. Akwai wanda hannunsa ya saba da masaba har bai san ya sassauta shi a kan matarsa ba. Sai ka ji mai wa'azi ya ce marigayi bai taɓa faɗa da kowa ba, alhali garin duka an san ya shekara goma ba ya magana da wansa sabo da iyakar gona. Wa aka cuta? Ba mamaci ba, gama ba ya ji. An cuci yara, domin sun koyi cewa maganar bagadi daban, gaskiya daban. An cuci bishara, domin maƙwabta Musulmi da suka zo don zumunci suna tsaye a gefe, sun san mutumin fiye da mai wa'azin, da wannan kuwa za su auna sauran abin da ya faɗa. Littafin da mu ke wa'azi daga ciki bai ɓoye buguwar Nuhu ba, bai ɓoye abin da Dauda ya yi wa Uriya ba, bai ɓoye musun Bitrus ba.

Ba mu ce a mai da kabari ɗakin shari'a ba. Rufin asiri halin kirki ne, mun ga Yusufu ma ya yi shi. Amma shiru daban, ƙarya daban. Ba dole a faɗi duk abin da aka sani ba; dole ne duk abin da aka faɗa ya zama gaskiya. Sau da yawa ma ƙaramar gaskiya ta fi babban yabo taɓa zuciya. In dattijo ya tashi ya ce, “Kun san shi, mai zafin rai ne, ba wanda bai sha tsawarsa ba, amma in ya huce shi kan fara zuwa gaisuwa,” za ka ga kawuna suna gyaɗawa, waɗansu suna murmushi cikin hawaye, gama mutumin da suka sani ne aka kawo musu, ba wani baƙo ba. Mafi wuya shi ne mutumin da ya yi gaskiya a maƙera, ya yi tsanani a gida. Irinsa suna da yawa, kada mu ruɗi kanmu. A ganinmu a faɗi gaskiyarsa ta maƙera, gama gaskiya ce. Kada a kira shi miji nagari. Kada kuma a tilasta wa matar ta tashi ta yabe shi a gaban jama'a. Maganarta tana nan, sai bayan an watse, a cikin gida, a gaban dattijuwar da ta yarda da ita.

Akwai kuma wani ɓangare na ran mai sana'a wanda ba ya barin alama, watau abin da ya ƙi yi. Tun dā maƙeri ya kan ƙera wuƙa, wuƙar da ta yanka kuɓewa kuwa tana iya yanka mutum. Ba wanda zai ɗora wa maƙeri alhakin ko wane yanka. Amma a shekarun nan da 'yan fashin daji suka addabi ƙauyukan Zamfara, da Katsina, da Kaduna, tambayar ta ƙara nauyi. Ana zuwa wurin maƙera da dare neman bindiga, da kuɗin da ya fi na fartanyar damina guda. Wani mai zuwan mutumin gari ne da ke neman tsare iyalinsa, wani kuwa ɗan aiken masu ƙone garin ne, ba kullum a ke iya rarrabe su ba. Ba mu da saurin hukunta mutumin da aka ƙone masa rumbu aka kwashe masa shanu. Amma maƙerin da ya dubi baƙo, zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya mayar masa da kuɗinsa, sa'an nan ya yi watanni yana kwana da fargaba ko za a dawo masa, ya yi wani aiki wanda ya fi duk abin da ya taɓa ƙerawa. Mutanen da suka rayu sabo da wannan ƙin ba su san shi ba, ba za su taɓa sani ba. Ba ya cikin ko wane littafi. Matarsa ce kaɗai ta sani, sai ko yaron da ke yi masa zuga.

Sabo da haka shawararmu ga pastoci da dattawa ita ce, kafin a rubuta tarihin irin wannan mutum, a je a zauna da waɗanda suka san shi a inda ya yi ransa. Kada a tsaya ga ɗansa na birni kaɗai, ko da shi ne zai biya kuɗin buga takarda. A zauna da matar, da yaron zuga, da tsofaffin manoma biyu ko uku. Kada a tambaye su muƙamin da ya riƙe. A tambaye su yadda kayansa su kan daɗe, da yadda ya kan yi da wanda ya kasa biya, da wanda ya goya, da abin da ya ƙi. A ba ɗaya daga cikin manoman nan magana ran jana'iza, ko da bai iya tsara zance ba. In ya zo da tsohuwar garma a hannu ya ce wannan tun kafin aurena ya ƙera mini ita, ya isa.

Maƙwabtanmu Musulmi suna da wata al'ada mai kyau: kafin a kai mamaci, a kan yi shela, wanda ya ke binsa bashi ya zo ya faɗa, domin a sauke masa. Ya kyautu a yi haka cikin ekklesiya ma, amma ga maƙeri sai a juya shelar, gama shi yawanci shi ne mai bin mutane. Littafin bashinsa yana cikin kansa, an binne shi tare da shi. Matar ta san kaɗan, ba za ta iya bi gida gida ba. Akwai mutane a cikin taron nan, suna raira waƙa da ƙarfi, waɗanda damin maƙeri ya ke cikin rumbunsu tun bara. Aikin dattawa ne su faɗi wannan a fili, ba tare da kama suna ba, su kuma sa mutum guda wanda za a riƙa kai wa, shi ya kai wa gwauruwar.

Saura kayan aiki. Bayan kwana kaɗan 'ya'yan za su koma birni, masu sayen tsohon ƙarfe kuwa suna yawo ƙauye ƙauye, za su ɗora uwar maƙera a kan ma'auni su biya da kilo, kamar ba ita ce ta ciyar da gidan tun zamanin kakanni ba. Kafin a kai ga haka, dattawa su zauna da magada su tambaya wa zai hura wutar. In babu a cikin 'ya'yansa, a dubi yaron da ya yi masa zuga. Sau da yawa ba ɗansa ba ne. Maraya ne, ko ɗan maƙwabci, ba shi da rabo cikin gado, ba shi da kuɗin sayen masaba da awartaki, amma hannunsa ya san aikin. A ba shi aro, ko a sayar masa sai kaka, yadda marigayin ya kan yi wa mutane. In an yi rasuwar da rani, kada a ja maganar, gama ruwan fari yana tafe, manoman garin kuwa za su zo da fartanyoyinsu bakin maƙeran nan kamar yadda suka saba.